'Yan bayan da ke kai hari: darasi daga Babayaro da Ambrose

A filayen ƙwallon ƙafa na Kaduna, daga dandalin Murtala zuwa filin wasa na Ahmadu Bello, akwai wata tsohuwar muhawara tsakanin masu horar da matasa: shin mai lamba biyu ko lamba uku ya tsaya a baya, ko kuwa a bar shi ya haura gaba?

Birnin yana da dalilin yin wannan muhawara, domin shi ne ya haifi Celestine Babayaro a shekarar 1978, ɗan bayan da aka fi tunawa da shi saboda abin da ya yi a gaban ragar abokan karawa.

Atlanta 1996

A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olympics ta 1996, Najeriya ta doke Brazil da ci huɗu da uku. Ƙwallon farko ta Najeriya ta samo asali ne daga Babayaro, wanda ya kutsa ta hagu ya buga, ta taɓa Roberto Carlos ta faɗa ragarsu.

Ranar 3 ga watan Agusta kuma, a wasan ƙarshe da Ajantina, shi ne ya rama ƙwallon farko da ka. Daniel Amokachi, wani ɗan Kadunan, ya ci ta biyu, kafin Emmanuel Amunike ya kammala aikin.

Sai dai akwai wani lissafi da murnar lambar zinariya ta rufe. A waɗannan wasanni biyu kaɗai, ƙwallo biyar aka zura wa Najeriya. Ƙungiyar Jo Bonfrere ta tsira ne saboda ta ci bakwai, kuma ba kowace ƙungiya ce ke da Nwankwo Kanu da zai fid da ita kunya a mintin ƙarshe ba.

Wa zai toshe gurbin?

Duk lokacin da ɗan baya na gefe ya haura, yakan bar fili a bayansa. Idan aka ƙwace ƙwallo, abokan karawa nan za su fara jefa ta, sai ɗaya daga cikin 'yan bayan tsakiya ya fito tarewa, tsakiyar kuma ta buɗe.

Saboda haka ba saurin ɗan wasan ne kaɗai abin dubawa ba. Tambayar ita ce wa aka ɗora wa alhakin toshe gurbinsa. A Super Eagles ta wancan lokaci, Sunday Oliseh ne ke yawan ɗaukar wannan nauyi daga tsakiya, yayin da Garba Lawal, shi ma haifaffen Kaduna, kan dawo baya ta ɓangaren hagu. Irin wannan aiki ba ya jawo tafi daga 'yan kallo, amma shi ke ba ɗan baya damar tafiya da kwanciyar hankali.

Ba kowane koci ne ke yarda da wannan kasada ba. Babayaro ya koma Chelsea daga Anderlecht ta Beljiyam a 1997, amma watanni kaɗan bayan zuwan Jose Mourinho aka sayar da shi ga Newcastle, a watan Janairun 2005. A wannan kakar Chelsea ta ɗauki kofin Premier, ƙwallo 15 kacal aka ci ta, kuma sau da dama William Gallas, ɗan bayan tsakiya, shi ke tsaron hagu.

Matsalar ba ta ƙwallon ƙafa ba ce kawai. A wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ya fi karɓuwa a Kanada da Amurka, 'yan baya biyu ne rak a gaban mai tsaron gida. Bobby Orr na ƙungiyar Boston Bruins ya sauya tunanin masu wasan, inda ya fi kowa maki a gasar NHL a 1970 da 1975 alhali yana ɗan baya. Ƙa'idar da ake koyarwa a can mai sauƙi ce: idan ɗaya ya haura, abokinsa ya tsaya, ɗan gaba ɗaya kuma ya dawo ya cike gurbin.

Zaɓin Keshi

Kusan wannan tsari ne marigayi Stephen Keshi ya bi a gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, kuma wani ɗan Kaduna ne ya ɗora wa rabin aikin.

Efe Ambrose, wanda ya taɓa buga wa Kaduna United, a wancan lokaci ɗan bayan tsakiya ne a ƙungiyar Celtic ta Scotland. Keshi ya mayar da shi dama, ya bar Elderson Echiejile a hagu da 'yancin kai hari. Echiejile ne ya ci ƙwallon farko lokacin da aka lallasa Mali da ci huɗu da ɗaya.

An ga muhimmancin Ambrose tun a wasan farko. An ba shi jan kati Najeriya na gaban Burkina Faso da ci ɗaya, kuma kafin a tashi aka rama.

Najeriya ta ɗauki kofin bayan wasanni shida, inda aka zura mata ƙwallo huɗu kacal, wato ƙasa da abin da ta sha a wasanni biyu na ƙarshe a 1996.