Furfura ba ta fitowa a allon waya

Ma'aikacin da ya shekara ashirin a bakin aiki, in ya shiga digiri na biyu ta intanet, galibi takardar yake nema don a ƙara masa girma. Bai taɓa kawowa a ransa cewa karatun zai girgiza abubuwan da ya daɗe yana rantsuwa a kansu ba.

Ɗauki hedimastan firamare da ke irin wannan karatu. Bayan sallar isha, yara sun kwanta, ya jona waya a caji kafin a ɗauke wuta. Tambayar makon ita ce: me ke sa 'yan mata barin makaranta? Amsar a bakinsa take, iyaye ne ba sa so. Ya rubuta ya tura. Da asuba ya tarar wata abokiyar karatu daga Enugu ta tambaye shi ko ya taɓa ƙirgawa, kuma ko akwai banɗakin mata a makarantarsa. Da a aji suke, ido da ido, furfurarsa kaɗai ta isa ta sa yarinyar ta yi shiru. A rubuce kuwa, hujja ake nema.

Jack Mezirow, malami a jami'ar Columbia ta Amurka, ya bayyana irin wannan a 1978, bayan ya yi nazarin matan da suka koma karatu da girmansu. A fahimtarsa, babba yakan sauya tunani ne idan ya ci karo da abin da tsohon saninsa ya kasa warwarewa. Sai ya rikice, daga nan ya soma tambayar kansa ina ma ya samo ra'ayin tun farko.

A Najeriya, jami'ar karatu daga gida ta NOUN ce ta fi buɗe wa manya wannan ƙofa. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjon ya zama ɗalibinta, ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana ɗan shekara tamanin.

Ba kowa ke sauyawa ba, gaskiya. Wanda ya biya yaron kafe ya rubuta masa aikin gida zai fito da takarda, kansa kuwa yadda ya shiga. Hedimastan nan dai, ranar Litinin, ya sa aka ɗauko masa rajistar aji shida ta shekaru uku, ya zauna yana bin sunayen 'yan mata ɗaya bayan ɗaya da biro.