Wa Ya Aiko Ka? Yadda Suna Ke Kawo Ciniki a Ƙasar Getso

Wanda ya saba da titunan birnin Kano, inda kowane shago ke da allo da fenti da lambar waya, in ya sauka Getso ko Gwarzo ko Kabo zai yi mamakin yawan masu sana'ar da ba su rubuta komai a ƙofarsu ba. Telan da ya fi kowa aiki a unguwa yana iya kasancewa a zauren gidansu, ba abin da zai nuna maka shi sai ƙarar keke. Maƙerin da manoma ke rububin garmarsa yana can gefen gari a ƙarƙashin rumfa. Mai ƙuli-ƙulin da ake aikowa saye daga ƙauyuka ko ƙofar gida ba ta leƙowa. Amma ba sa rasa ciniki, domin kusan duk wanda ya zo musu, wani ne ya yi masa kwatance.

Zuwan ma da ƙa'idarsa. Baƙo ba ya fara wa mai sana'a da maganar kuɗi. Sai ya yi sallama, a gaisa, a tambayi gida da iyali da yadda damina ta yi, sannan ya ce, "Malam wane na Garo ne ya ce in zo wurinka." Daga nan zama ya sake. Mai sana'a zai ce, "Allah sarki, yana nan lafiya? Ai gida ka zo," ya jawo benci ko ya karkaɗe tabarma. In kuwa baƙon bai ambaci kowa ba, shi mai sana'ar zai lalubo da kansa cikin hira: daga wane gari, ɗan gidan wa, wa ya kwatanta masa nan.

Sunan nan da aka ambata ya ɗaure mutum uku. Mai sana'a ba zai tsuga kuɗi ba, zai faɗi kuɗin gida, kuma zai yi aikin da ba zai ji kunya ba in labari ya koma. Mai saye ba zai yi tayin wulaƙanci ba, in an bar masa ciko ba zai ɓace da shi ba. Shi kuwa wanda ya yi aiken, ko da yana gona bai san ana yi ba, mutuncinsa ne aka ajiye jingina. Ranar da ɗinki ya lalace ko injin ban ruwa ya sake tsayawa kwana biyu da gyara, ba wurin mai aikin ake fara zuwa ba. Wanda ya yi kwatancen ake tara bayan sallar magariba, a ce masa, "Mutuminka fa ya ba ni kunya." Dole ya sa takalmi ya je ya ji ba'asi, wani lokaci har ya cika daga aljihunsa don kada zumunci ya ɓaci.

Shi ya sa mutanen wannan yanki ba su da saurin yabon mai sana'a, kuma mai tambaya ya san yadda zai auna amsar da aka ba shi. In aka ce, "Je ka, ka ce ni na aiko ka," an gama magana. In aka ce, "Ba laifi, yana ƙoƙari," to a yi hattara. In aka ce, "Akwai hannu, sai dai alkawari," an gaya maka kada ka kai masa ɗinkin salla cikin goman ƙarshe na azumi. Mafi muni shi ne a ɗan yi shiru, a ce, "To, sai dai ka je ka gani." Ba a zagi kowa ba, ba a shiga haƙƙin kowa ba, amma ciniki ya mutu a wurin. Mai sana'a zai ga ƙafa tana ɗaukewa, ya rasa dalili, har ya fara zargin an yi masa asiri.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a faɗa. Wanda ya kawo maka mai saye ba ya neman a biya shi, kai kuma ba ka miƙa masa kuɗi a gaban mutane. Alherin yana zuwa daga baya ta wata hanya: ranar da ya kawo gyaran rigar ɗansa a ce ya bar shi, ko a aika masa ƙafar rago da layya, ko a je masa suna da goro mai kauri. Da zarar an gane mutum yana karɓar kamasho a ɓoye kan duk wanda ya tura, maganarsa ta zube, ya koma sahun ɗan kore, wato wanda ake haɗa baki da shi ya tsaya yana kambama kaya ko yana ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta irin wannan tayin, kuma mutanen kasuwa sun fi kowa saurin gane mai yin sa.

Wanda al'ada ta yarda ya ci abinci da haɗa mai saye da mai sayarwa a fili shi ne dillali, kuma a kasuwar Getso, wadda ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, nan ake ganin aikinsa sosai. Ranar kasuwa ana shigowa daga ƙauyukan Gwarzo da Kabo da Shanono da Karaye, har da na Katsina da ke maƙwabtaka. Bafulatanin da ya koro sa bai san mahaucin da ya zo daga birni ba, mahaucin ma bai san shi ba. Dillali ya san su duka. Shi zai riƙe igiya, ya ji tayi, ya ce albarka a madadin mai dabba har a kai inda za a sallama, a ba shi la'adarsa. La'adar nan ba ta surutu ba ce kawai. Dillali shaida ne cewa dabbar ba ta sata ba ce, abin da ya ƙara nauyi a shekarun nan da satar shanu ta addabi Arewa maso Yamma. In bayan mako guda wani ya zo ya ce sansa ne, dillalin za a nema, shi zai fito da wanda ya kawo. Saboda haka dillalin kirki yana ƙin karɓar dabbar mutumin da ba wanda ya san shi, komai kyanta. Makiyayi kuma in ya sami dillalin da bai taɓa danne masa kuɗi ba, ba ya sake shi. Zai kawo masa ƙannensa da surukansa, har 'ya'yansa su gaji dillalin, ko su gaji ɗansa.

Wannan tsari bai tsaya a kasuwannin ƙauye ba. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969, inda ya nuna yadda ake ba mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi ba takarda ba sa hannu, sai tsayawar maigidan da ke saukar da fataken shanun da dillalansa, waɗanda suka san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke da taurin bashi. Kafin nan ma, da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe, kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba wanda ya san su a ƙauye. Sai da suka jingina da fataken da suka riga suka yi suna a cinikin goro, irin su Alhassan Dantata, waɗanda ke da yara a garuruwa, su kuma yaran, manoma sun san su sun san iyayensu.

In aka koma kasuwar ƙauye, a wajen 'yan awo sunan mutum yana cikin tiyarsa. Mata a gida suna sake auna abin da aka sayo, kuma ba sa mantuwa. Wanda tiyarsa ke cika har ta yi tozo, ya ƙara da gyara ko da tafin hannu ne, za a ce wa yaro, "Ka wuce na bakin hanya, ka je wurin Baba mai jar hula." Wanda aka taɓa samun tsakuwa ko dusa a ƙasan buhunsa, ko ya tuba ya yi shekara biyar yana awon gaskiya, wata tsohuwa za ta tuna.

Kasuwar da ta fi dogara da baki ita ce ta cikin gida. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta lura cewa cinikin da matan kulle ke yi a bayan katanga ba ƙarami ba ne, har hatsi da yawa ta hannunsu yake bi ba tare da ya ga kasuwa ba. A garuruwan yammacin Kano har yau ana yin wannan ciniki. Mai man gyaɗa, mai daddawa, mai fura, mai awara, mai ɗinkin hula, kowacce tana da gidajen da suka san hannunta. Yara ne ƙafafunta. Yarinya za ta shigo da kwano ta ce, "Inna ta ce a ba ta na ɗari biyu, wai irin na rannan." Ita kuma za ta zuba, ta ɗora ɗan ƙari ta ce, "Ki ce ina gaishe ta, wannan na yara ne." Ƙarin nan shi zai sa gobe Inna ta ce wa kishiyarta ko amaryar maƙwabta ta aika can. Talla ita ma tana kai sunan mai sana'a lungu-lungu, sai dai ni ban ga abin alfahari ba a ce yarinya tana yawo da faranti a ka lokacin da sa'o'inta ke aji. Matan da hannunsu ya yi suna sosai ma ba su cika buƙatar talla ba, har gida ake biyo su.

Biki da suna kuwa su ne babbar ranar kasuwar mata. A nan ake ganin ɗinki a jikin mai shi, a ɗanɗana alkaki da nakiya da dubulan na gara, a duba lallen amarya da kitsonta. "Yaya, wa ya yi miki wannan?" Tambayar ke nan, kuma tela ɗaya yana iya samun aikin wata uku daga anko guda da ya fita da kyau. Sai dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da kwanuka da kayan ɗaki. Ta san wadda ke shirin aurar da 'ya, ta san wadda ke son sayar da sarƙarta ba tare da dangin miji sun ji ba. Jarinta riƙon asiri ne. Ranar da aka ji maganar wani gida ta fito daga bakinta, ƙofofi za su fara rufe mata.

Maza kuma a majalisa suke tace masu sana'a, da teburin mai shayi, da ƙofar masallaci, da cikin motar haya a hanyar Kano zuwa Gwarzo. Direbobi da 'yan acaɓa sun fi kowa kai suna nesa, shi ya sa mai abincin da ke da wayo ba ta yi musu rowar nama.

Abin yana da tsadarsa, kuma tsadar bashi ce. Wanda aka aiko maka ba ka iya ce masa sai kuɗi hannu. Kowane mai kanti a nan yana da littafin bashi, wasu sunayen ma ba a rubuta su saboda kunya: kawu, surukin yaya, liman. Kantuna da yawa sun rufe alhali kullum cike suke da mutane, domin jarin ya tafi gidajen da ba a iya zuwa tambaya. Masu daɗewa a sana'a sun koyi ba da bashi daidai nauyin wanda ya tsaya wa mutum, kuma sun koyi cewa "wallahi kayan ba nawa ba ne, na Alhaji ne" ko da nasu ne. Amma bashin nan ya yi rana a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, masu POS suka tsawwala, tura kuɗi ta waya yana maƙalewa. Wanda yake da mai kantin da ya san shi ya ci abinci a rubuce. Masu kantin da suka buɗe littafi a watannin nan, mutane ba su manta musu ba.

Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta rage tafiya. Yanzu maimakon a ce ka je ka ce ni na aiko ka, sai a ce, "Bari in kira shi a gabanka," ko a tura lamba. Matasa masu ɗinki da 'yan mata masu turaren wuta suna ɗora hotunan kayansu a WhatsApp da Facebook, wasu har daga Kano da Kaduna ake yi musu oda a saka a mota. Sai dai hoto ba ya sa a tura kuɗi. Mai saye zai nemi wadda ta taɓa saye ya tambaye ta ko abin da aka gani shi aka kawo, kuma ɓacin sunan da a da yake ɗaukar mako kafin ya zaga gari yanzu kafin la'asar ya shiga kowane zauren dangi na waya.

Wanda tsarin ya fi wahalar da shi shi ne sabon shiga da ba shi da kowa. Yaro yana iya fin tsofaffin teloli iya yanka, ya yi wata shida yana kallon hanya. Hanyar da aka sani ita ce ta ubangida. Yaro zai yi shekaru yana share shago, yana sa maɓalli, yana kai aike, masu zuwa suna ganin fuskarsa. Ranar da aka yaye shi, ubangida na ƙwarai ba keke kawai yake ba shi ba. Zai fara tura masa ƙananan ayyuka yana cewa, "Kai wa yarona, hannuna ne." Wani ubangidan kuma yana riƙe masu zuwa wurinsa kam, har ya ɓata rai in ya ji sun bi yaron, kuma rigimar wa ya janye wa wa mutane tana cikin ƙararrakin da shugabannin masu sana'a da sarkin kasuwa suka saba sasantawa.