Launin da Ba a Rina Ba



A dazuzzukan Kudancin Amurka akwai wani malam-buɗe-littafi da ake kira Morpho, shuɗin fukafukinsa har ɗaukar ido yake yi. Amma in aka murtsuke fiffiken, gari ne ruwan ƙasa zai saura a yatsa. Babu shuni a ciki, ko ɗigo. Abin da ke jikinsa wasu siraran layuka ne hawa-hawa, waɗanda ido ba ya gani. Haske na sauka a kansu, su mayar da shuɗin, sauran ya ɓace. Ƙira ce ke ba da launin, ƙira kawai. Haka wuyan tantabara yake, haka gashin ɗawisu.

Tun a 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya sa gashin ɗawisu ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya jiƙa shi da ruwa. Launin ya dushe! Ruwa ya cike ƴan guraben da haske ke kai da komo a cikinsu, shi ke nan. Mutumin nan ba shi da lantarki, ba shi da kwamfuta, gashin tsuntsu ne da ruwa.

Wani zai ce ai mu ma mun san ƙyalli. Ƙwarai kuwa. A duba turkuɗin da Buzaye ke naɗawa a nan Nijar, aikin mutanen Kura ta ƙasar Kano. In ya fito daga marina, masu bugu su ɗora shi kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da tabarya bi da bi, har baƙin ya soma walƙiya da ja-ja irin na jan ƙarfe. Sai dai shi turkuɗi da shuninsa a jiki, shi ya sa yake rina goshin mai shi.

Masana suna so ne su raba launi da rini gaba ɗaya. Kamfanin Teijin na Japan ya yi zare mai suna Morphotex, hawa 61 na leda siririya, babu rini. A 2023 kuma ƴan Jami'ar Central Florida ta Amurka suka haɗa fenti da ƙananan ƙwayoyin alminiyam. A cewarsu kilo 1.4 ya isa a shafe jirgin Boeing 747, kuma abin da aka shafa bai cika ɗaukar zafi ba.

Nan ne kunnena ya tashi. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwanon rufi a Yamai cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san ba ado ne damuwarsa ba. Ga kuma wata tururuwa mai ruwan azurfa a Sahara, tana fita kiwo da tsakar rana, gashin jikinta mai kusurwa uku yana mayar da hasken rana. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun bayyana haka a 2015, ana kuma kwaikwayonsa don sanyaya rufi.

Amma fa daga ɗakin gwaji zuwa Babbar Kasuwar Yamai akwai tafiya, kuma farashi ne zai raba gardama.