Wane Makirufo Ya Dace Da Akwatin Kulle Amon Jita?

Makaɗan jitar lantarki sun daɗe da sanin cewa amfilifaya mai aiki da bawul ba ya ba da zaƙinsa sai an buɗe masa murya. Idan an rage shi, sauti ya kan fito sirit, ba jiki. Idan an ƙure shi, sai bawul ɗin su ɗauki zafi, lasifika ta yi ta rawa, a sami gurnanin nan da a ke so a ji a faifai. Tun daga 1965, lokacin da kamfanin Marshall na Ingila ya soma ƙera amfilifaya mai wat 100, wannan gurnani ya zama abin nema, ya kuma zama fitina ga maƙwabta. Lasifikar jita mai faɗin inci 12 ta kan ba da desibel 100 ko kusa da haka da wat ɗaya tak, ga wanda ke tsaye nesa da ita da mita guda. To, ina ga wat 50 a cikin ɗakin haya da tsakar dare?

Maganin da masu sana'ar su ka samo shi ne akwatin kulle amo. Akwati ne na katako mai kauri, an shafe cikinsa da soso, an ɗaura lasifika a tsakiya, an kafa makirufo a gabanta, sa'an nan a rufe ruf. Wayar amfilifaya ta shiga, wayar makirufo ta fito zuwa na'urar ɗaukar sauti, ƙara kuwa ta zauna a ciki. Kamfanoni irin su Randall da Rivera sun ƙera nasu na sayarwa, mutane da yawa kuma kafinta su ke sa wa ya haɗa musu. A kan yi amfani da shi a ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti, da kuma bayan dandali a manyan wasanni, domin kada amon jita ya kutsa cikin makirufon mawaƙi.

Amma fa akwatin ba ya barin sauti yadda ya same shi, kuma daga nan ne maganar zaɓen makirufo ta ke tasowa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A akwatin da tsakanin bangayensa biyu ya ke santimita 60, amon da ke karkarwa wajen sau 286 a daƙiƙa zai riƙa kai da komowa yana ƙarfafa kansa, sai a ji jita kamar ana kaɗa ta a cikin randa. Soson da a ka shafa ba ya hana wannan. Shi soso siririn amo ya ke shanyewa, mai kauri kuwa ratsa shi ya ke yi kamar ba ya nan. Tsirkiyar jita mafi kauri tana karkarwa sau 82 a daƙiƙa, kuma tsawon zangon wannan amo ya wuce mita 4. Soso mai kaurin santimita 5 ba shi da abin da zai yi masa. Sakamakon haka, akwatin na rage haske yana ƙara kauri. Saboda haka makirufon da ya dace shi ne wanda ke jin lasifika sosai, ya ke jin akwatin kaɗan, ba ya kuma ƙara kauri a kan kauri.

Wannan shi ya sa har yau Shure SM57 ne a kan fara ɗauka. An fito da shi a 1965, shi ne kuma a ka saba gani a kan mumbarin shugabannin Amurka tun zamanin Lyndon Johnson. Irin makirufon nan ne mai naɗaɗɗiyar waya da maganaɗisu, ba ya bukatar wuta, ƙara kuma ba ta razana shi, ko da ta haura desibel 120 a bakin lasifika. Gabansa ya ke ji, bayansa kuwa kusan kurma ne, watau ba ya kula bangon da ke bayansa. Bugu da ƙari, an ƙera shi yana rage amo mai kauri, yana ɗaga wanda ke wajen karkarwa 5,000 zuwa 6,000, daidai inda akwatin ya yi ɓarna. Abin da wasu ke kushe masa a fili, cewa yana da tsini a kunne, shi ne ya zama alherinsa a cikin akwati.

Aibinsa guda tsawo ne. Jikinsa ya kusa santimita 16, ga kuma filogin waya a gindinsa, sau da yawa murfin akwati ba ya rufuwa sai an karkata shi. Nan ne Sennheiser e906 da ɗan'uwansa e609 su ka yi fice, domin su faifai ne, ta gefe su ke ji, su kan kwanta a jikin lasifika ba su ci wuri ba. Shi e906 har da maɓalli mai matsayi uku na ƙara haske ko rage shi. Akwai kuma MD 421 na wannan kamfani na Jamus, wanda ya fito tun 1960. Ya fi SM57 cikar murya, yana kuma da zobe mai matsayi biyar na rage kauri, abin da ke da amfani ƙwarai a nan. Sai dai ya haura santimita 20, ƙaramin akwati ba ya ɗaukarsa.

Inda mutane su ka fi asarar kuɗi shi ne wajen makirufo mai zirin alminiyam. Royer R-121, wanda ya fito a 1998, ya yi suna a manyan ɗakunan ɗaukar sauti saboda laushin da ya ke ba jita, kuma sunan bai zo a banza ba. Amma shi gaba da baya ya ke ji daidai wa daida. A babban ɗaki abin da ke bayansa sarari ne mai daɗin amsawa; a cikin akwati kuwa bango ne a nesan taƙi ɗaya. Har wa yau, duk makirufon da ke zaɓen gefen da zai ji ya kan ƙara kauri idan an matso da shi kusa, irin wannan kuwa ya fi kowane yi. Ga shi zirin nasa bai wuce kaurin maikuron 2.5 ba, iskar da ke bugowa idan an doka murfi da ƙarfi tana iya miƙe shi ya saki. Wanda ya nace wa laushin ziri gara ya nemi Beyerdynamic M160, domin shi an ƙera shi ya fi jin gabansa.

Makirufon kondansa, mai bukatar bolt 48 daga na'ura, ba a cika morarsa a nan ba. Fifikonsa jin siririn amo ne, alhali lasifikar jita ba ta ba da wani abin kirki sama da karkarwa 5,000 ko 6,000. Idan an sa shi, to lallai ya zama mai maɓallin rage ƙarfin shiga.

Wasu akwatuna na da mariƙi biyu, sai mai shi ya ga ai gara ya cike su. Hakan na da kyau idan bakunan makirufon biyu sun yi daidai da juna. Idan ɗaya ya ja baya da santimita 5 kacal, sauti zai riske shi a makare, in an gauraya su sai amon da ke wajen karkarwa 3,400 ya kashe kansa, wurin kuwa nan ne cizon jita ya ke. Da yawa sun ɗora laifin wannan a kan makirufo, su ka je su ka sayi wani.

Matsayi ma na sauya sauti fiye da sauya makirufo. A tsakiyar lasifika amo ya fi tsini, can bakin gefe ya fi duhu, injiniyoyi da yawa kuma su kan fara daga inda ƙoƙon tsakiya ya haɗu da takardar lasifika. Tun da akwati ya riga ya duhunta sauti, a kan matsa wajen tsakiya fiye da yadda a ke yi a fili, a kuma ja baya kaɗan don rage kauri. Wahalar ita ce ba a jin sakamako sai an rufe murfi, don haka sai a ɗauka, a saurara, a buɗe, a gusa da faɗin yatsa, a sake rufewa. Idan an dace, a yi alama da alli.

Mai saye ya yi hattara da jabu, domin SM57 na cikin makirufon da a ka fi kwaikwaya a duniya, kuma farashin da ya yi arha fiye da kima shi ne alama ta farko. Haka nan kafin a kunna amfilifaya mai bawul a tabbata wayar lasifika na haɗe, lambar om ɗinta kuma, 8 ce ko 16, ta dace da ramin da a ka sa ta, domin a akwatin da ke rufe ba a jin waya ta zare, sai taransifoma ta ƙone a ke ankara.