Ranar Farko a Ɗakin Likitan Ƙwaƙwalwa: Abin da Mai Neman Jiyya Zai Tarar

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji shida a makarantar sakandare, wadda saura wata uku ta zauna jarrabawar fita. Tun farkon zango barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, kuma da zarar ta buɗe littafi sai gabanta ya yi ta faɗuwa, tafin hannunta ya jiƙe da gumi. An kai ta asibiti, an auna jini ba a sami zazzaɓin cizon sauro ko taifod ba. Daga ƙarshe likita ya ce a kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Nan take hankalin iyayenta ya tashi, domin a wurinsu wannan sashe na mahaukata ne kurum. Irin wannan tsoro, da rashin sanin abin da za a tarar, da kuma zullumin kuɗin da za a kashe, su ne ke sa mutane da yawa su yi ta jinkiri har ciwo ya yi tsanani. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake fara irin wannan jiyya, tun daga yankar kati har zuwa ranar sallama.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Alamomin da wannan ɗaliba take ji suna da tushe a cikin halittar jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane gefe, akwai wani ɗan curi mai kama da ƙwayar gyaɗa da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne hango haɗari. Idan ya hango, sai saƙo ya tafi ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zubo sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Sakamakon haka zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci kuma ya ragu. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji. Matsalar ita ce amigdala ba ya bambanta maciji da tunanin faɗuwa jarrabawa. Idan ƙararrawar ta yi ta kaɗawa mako da makonni, sai barci da cin abinci da riƙe karatu duk su taɓu.

Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wato wanda ke bayan goshi, shi ne ke auna al'amura ya kuma tausa amigdala. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙarfafa hanyoyin da ake yawan bi a tsakaninsu, kamar yadda turba ke fitowa a daji idan ana yawan takawa. A kan wannan ne jiyya ta hanyar zantawa ta dogara: ana koya wa mutum sababbin hanyoyin tunani da aiki, yana maimaita su har su zame masa jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin kowane takwas a duniya, na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon fargaba da ciwon damuwa su ne suka fi yawa. Mafi yawan waɗannan mutane suna cikin hayyacinsu, suna zuwa makaranta da kasuwa da ofis kamar kowa.

Ina ake zuwa, wa ake gani?

A arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Haka kuma asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sassan da ke wannan aiki. A Jamhuriyar Nijar akwai irin wannan sashe a babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da asibitin da ke kusa, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti.

Ma'aikatan da za a tarar iri-iri ne. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ne ya fi gudanar da zaman zantawa da gwaje-gwajen tunani, amma ba ya rubuta magani. Akwai nas-nas masu horo na musamman, da jami'an jin daɗin jama'a masu duba halin gida da na aljihu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, saboda haka layi kan yi tsawo. Irin wannan ƙaranci ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane waɗannan cututtuka su kuma fara kula da su.

Zaman farko

Yana da kyau a yi sammako, a kuma ware yinin gaba ɗaya. A tafi da takardar turawa, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Da farko za a yanki kati a buɗe fayil, a auna hawan jini da nauyi, sa'an nan a jira kira. Zaman farko ya fi sauran tsawo, yakan kai awa guda.

Mafi yawan zaman tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara? Yaya barci da cin abinci? Me ya faru a gida ko a makaranta kafin nan? Akwai mai irin wannan lalura a dangi? Ana shan taba, ko wiwi, ko taramol, ko maganin tari mai kodin? Likita zai kuma tambaya kai tsaye ko mutum ya taɓa tunanin raba kansa da duniya. Kowa ake yi wa wannan tambaya, kuma bincike ya nuna cewa yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, hasali ma yakan ba shi damar sauke nauyin da ya daɗe yana dakonsa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da aka rufe wa likita zai iya karkatar da shi daga gano ainihin ciwon.

Wani lokaci akan sake tura mutum gwajin jini, domin ƙarancin jini da matsalar ƙullutun maƙogwaro suna iya haifar da kasala ko faɗuwar gaba mai kama da ta damuwa. Yaro ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba sukan zo da mahaifi ko waliyyi, amma likita kan nemi ya gana da su su kaɗai na ɗan lokaci. Mace tana da damar neman wata mace ta zauna tare da ita. Abin da aka faɗa sirri ne, ba a kai shi ga shugaban makaranta ko maƙwabci. Inda kawai ake keta wannan ƙa'ida shi ne idan rai yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majiyyaci na sirri da na neman amincewarsa kafin a yi masa jiyya. Mafi yawan masu zuwa ba a kwantar da su; a ranar suke komawa gida.

Yadda zaman zantawa yake gudana

Hanyar da aka fi bincike a kanta ita ce jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya tsara a shekarun 1960 a Jami'ar Fensilbaniya. Akan yi zama sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kowane zama tsakanin minti 30 zuwa 60, kuma jimlar zaman yawanci takan kama daga 5 zuwa 20.

A komo ga waccan ɗaliba. Mai jiyya zai sa ta riƙe ɗan littafi tana rubuta abu uku: abin da ya faru, tunanin da ya zo mata, da abin da ta ji a jikinta. Alal misali, malami ya raba takardun gwaji, sai ta ce a ranta, "Zan faɗi, kuma na kunyata gidanmu har abada." A zama na gaba sai su auna wannan magana tare: sau nawa ta taɓa faɗuwa? In ma ta faɗi darasi ɗaya, ba a sake rubutawa? Za a koya mata jan numfashi a hankali da fitar da shi a tsanake, wanda ke rage gudun zuciya. Za a kuma sa ta tunkari abin da take gudu daki-daki: karatun minti goma yau, amsa tambayoyin shekarun baya gobe, har ta kai ga zama gwaji na awa biyu. Dalili kuwa shi ne gudun abin tsoro yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana ƙwaƙwalwa ta koyi cewa haɗarin bai kai yadda ta zata ba. Aikin gida shi ne ƙashin bayan wannan jiyya. A makonnin farko mutum na iya jin kamar abin ya ƙaru saboda tono abin da ya binne, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce.

Afirka ma ta ba da gudummawa a wannan fage. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majiyyata ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana. A Zimbabuwe kuwa, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna zama shida irin wannan yana rage alamomin ciwon ƙwarai.

Batun magani

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Ga matasa masu ciwo marar tsanani, zantawa ake fara gabatarwa. Idan an ba da magani irin su fuloksetin ko amitiriftilin, to a sani ba sa aiki kamar farasitamol. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji, alhali tashin zuciya ko bushewar baki ko jin barci na iya zuwa tun kwanakin farko. Bayan an sami sauƙi akan ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna buƙatar a sa musu ido sosai a makonnin farko. Sayen maganin barci irin su diyazefam a kemis ba tare da takardar likita ba yana jawo sabo mai wuyar bari. Addu'a da jiyyar asibiti ba sa karo da juna, sai dai wajibi ne a sanar da likita duk wani jiƙo ko gari da ake sha.

Lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa daga asibiti zuwa asibiti, kuma yana tashi tare da tsadar rayuwa, don haka abin da ya fi shi ne a san rukunan kuɗin a tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuɗin kati da fayil, wanda sau ɗaya ake biya. Akwai kuɗin ganin likita a kowace ziyara, da na gwaje-gwaje, da na zaman zantawa wanda sau da yawa daban ake lissafa shi, da na maganin wata-wata. Akwai kuma ɓoyayyen kuɗi da mutane ke mantawa: na mota zuwa da dawowa ga mutum biyu, da abinci, da yinin aikin da ɗan rakiya ya rasa. Ga wanda ke zaune nesa da gari, kuɗin mota na iya zarce na asibitin kansa.

Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, na masu zaman kansu kuma ya fi saurin ganin likita. Kafin a fara, a tambayi mai jiyya zama nawa yake hasashe, a ninka da kuɗin kowane zama haɗe da na mota, domin katse jiyya a tsakiya asara ce biyu. A nemi likita ya rubuta magani da sunansa na asali, wanda ya fi na kamfani mai suna araha alhali sinadarin ɗaya ne. Wanda ke da inshorar lafiya, ta hukumar ƙasa da aka sake wa tsari a 2022 ko ta jiha, ya tambayi abin da ta ɗauke masa da abin da ba ta ɗauka ba. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ya bayyana halinsa. Za a iya kuma roƙon a tazarta ziyara, ko a mayar da karɓar magani zuwa asibitin da ke kusa da gida.

Rawar malamai da iyaye

Malami yakan riga kowa ganin canji: ɗalibi mai ƙwazo ya koma baya, ko mai fara'a ya ware kansa. Abin da ya dace shi ne a kira shi gefe a saurare shi, a haɗa shi da malamin ba da shawara na makaranta, a kuma sanar da iyaye cikin hikima. A ba shi izinin fita ranar asibiti ba tare da an shelanta dalili a aji ba. Idan kuwa ɗalibi ya ambaci kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, to ba a jiran ranar layi. A kai shi sashen gaggawa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Kammalawa

Ana gane jiyya na tafiya daidai idan barci ya fara daidaita, abinci ya soma shiga, mutum ya koma ayyukan da ya bari. Idan an yi mako shida zuwa takwas babu wani motsi, a faɗa wa likita domin a sake tsari, kuma ba laifi ba ne a nemi canjin mai jiyya idan jini bai haɗu ba. A zama na ƙarshe akan rubuta wa majiyyaci alamomin da ke nuna ciwon na neman dawowa da matakin da zai ɗauka. Ya adana wannan takarda tare da katinsa na asibiti, domin da lambar katin ce za a nemo fayil ɗinsa duk ranar da ya sake buƙatar ganin likita.