ChatGPT na iya ƙirƙiro littafin da babu shi: yadda ɗalibi zai tantance madogararsa da waya

A watan Yunin 2023, wani alƙali a birnin New York na Amurka, Kevin Castel, ya ci tarar wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000. Laifinsu shi ne, a ƙarar da suka shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca, sun kafa hujja da tsofaffin shari'o'i shida waɗanda ba a taɓa yi ba. ChatGPT ne ya ƙirƙiro musu su, da sunaye da lambobi da kalaman alƙalai. Ɗaya daga cikin lauyoyin ma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaskiya ne, ta ce masa e.

Ramin da waɗannan lauyoyi suka faɗa shi ne ke jiran ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri ko aikin jinga da wayarsa. Ya nemi manhajar ta ba shi manazarta goma, ta jero masa su tsaf, ya kwafa ya liƙa. Ranar kare kundi malami ya nemi ganin guda ɗaya, ido ya raina fata.

Me ya sa manhajar ke yin haka?

ChatGPT da ire-irensa ba ɗakin karatu ba ne. An horar da su ne su hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Sun ga dubban manazarta, don haka sun san siffarsu: suna, shekara, take, mujalla, shafi. Suna iya haɗa sunan malami na gaskiya da taken maƙalar da bai taɓa rubutawa ba, su sa ta a mujallar da ke nan da gaske. Ko waɗanda ke leƙa intanet kafin su amsa sukan jingina wa marubuci maganar da bai faɗa ba. Matsalar ta fi tsanani a fannonin da rubutunsu bai yawaita a intanet ba, irin su adabin Hausa da tarihin garuruwanmu.

Madogara adireshi ce

Wanda ya yi karatun hadisi ya san isnadi: wane ya ji daga wane, har a kai ga tushe. Idan aka sami wanda ba a sani ba a cikin jerin, hadisin ya raunana. Aikin madogara ke nan a rubutun ilimi. Adireshi ce da marubuci ke bai wa mai karatu domin ya je ya gani da idonsa.

A tsarin APA, wanda sassa da yawa na jami'o'in Najeriya ke bi, ana sa sunan marubuci da shekara cikin baka biyu. Wanda ya ɗauko bayani daga littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, zai rubuta (Yahaya, 1988). Idan kalaman marubucin ya kwafo kai tsaye, dole ya sa su cikin alamar zance, ya ƙara lambar shafi. Idan sun kai kalma 40, sai a ware su a sakin layi na daban, a tura su ciki kaɗan, ba tare da alamar zance ba. Wanda kuma ya juya maganar da kalmominsa, har yanzu sai ya ambaci mai ita, domin tunanin ba nasa ba ne.

Barin wannan shi ne satar fasaha, kuma ba ta tsufa. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda ya kwashi rubutun wasu bai ambace su ba. Cikin kwanaki ya sauka daga muƙaminsa. Bayan shekara biyu ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ta rasa nata digirin a kan kundin da ta rubuta tun 1980.

Binciken minti biyu

Matakin farko shi ne Google Scholar, wanda kyauta ne kuma yana buɗewa a burauzar kowace waya. A kwafi taken maƙalar, a sa shi cikin alamar zance, a bincika. Idan ta fito, a duba ko suna da shekara da mujalla sun yi daidai. A ƙarƙashin kowane sakamako akwai maɓallin Cite, wanda ke fito da madogarar a tsarin APA da MLA da wasu. Yakan yi kuskure a sunaye da manyan baƙaƙe, don haka a sake dubawa.

Na biyu shi ne lambar DOI. Yawancin maƙalun mujallun zamani suna da ita, kuma kullum da 10 da ɗigo take farawa. A liƙa ta a shafin doi.org. Ta gaskiya za ta kai mutum ga maƙalar. Ta bogi za ta nuna ba a same ta ba, ko ta kai shi ga wata maƙala daban.

Na uku, domin tsara jerin manazarta, akwai ZoteroBib a zbib.org. Ba ya buƙatar rajista ko sauke manhaja. A ba shi DOI ko lambar ISBN ta littafi ko adireshin shafi, shi zai tsara sauran. Idan kuma shafin intanet ne madogarar, a adana kwafinsa a Wayback Machine, domin shafuka na ɓacewa.

Inda waya ba ta isa ba

Rashin ganin abu a Google Scholar ba ya nufin babu shi. Kundaye da yawa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da littattafan da aka buga a Zariya shekaru aru-aru, suna kan kanta ne kawai. Irin waɗannan sai an taka zuwa laburare. Nan ma waya na da amfani: a ɗauki hoton bangon littafin, da shafin da ke ɗauke da shekara da maɗaba'a, da shafin da aka ɗauko maganar. A tara su a jaka guda a Google Drive ko cikin wayar.

Ba laifi ba ne ɗalibi ya nemi ChatGPT ya fayyace masa darasi ko ya nuna masa inda zai fara nema, matuƙar sashensa ya yarda. Amma ƙa'ida ɗaya ce ke tsare mutunci: abin da bai buɗe ya karanta da kansa ba, kada ya shiga manazartarsa. Ranar kare kundi, shi za a tsayar a gaban malamai, ba manhaja ba.