3.4 Hasashen Haɗarin Ciwon Zuciya ga Masu Hawan Jini Mai Taurin Kai

A wannan sashe za a yi bayani a kan hanyoyin da likitoci ke bi su gano wanda ya fi kusa da haɗari daga cikin masu hawan jinin da ya ƙi jin magani, domin a san wanda za a fi zuba wa ido.

3.4.1 Ma'ana

Hawan jini mai taurin kai shi ne wanda ya ƙi sauka zuwa inda ake so, alhali majiyyaci yana shan magunguna uku mabambanta a cikakken ƙima, kuma ɗaya daga cikinsu na sa fitsari ne. Haka kuma, wanda jininsa bai daidaita ba sai da magani huɗu ko fiye, shi ma yana cikin wannan rukuni. Wani bincike da Daugherty da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2012, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 200,000, ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 ga irin waɗannan mutane, idan aka kwatanta su da sauran masu hawan jini.

3.4.2 Ma'aunin Gama-gari

Tushen wannan hasashe shi ne binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 da mutane 5,209. Daga nan ne aka samar da ma'aunin da ke haɗa shekarun mutum da jinsinsa da awon jininsa da yawan kitsen cikin jini da ciwon suga da shan taba, sannan a ƙiyasta yiwuwar kamuwarsa da ciwon zuciya cikin shekara 10. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na yankuna 21, ciki har da Afirka ta Yamma, har da wanda ba ya buƙatar gwajin jini.

Sai dai ma'aunin gama-gari yana da rauni biyu. Na farko, an gina shi ne a kan jama'a baki ɗaya, ba a kan masu taurin ciwo ba. Na biyu, ya dogara ne da awon da ake yi a asibiti, wanda ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba.

3.4.3 Awon Sa'a 24

Akwai mutanen da jininsu kan hau da zarar sun ga likita, ya sauka idan sun koma gida. Don haka ake ɗaura wa majiyyaci wata na'ura a damtse, wadda ke auna jini a kai a kai dare da rana. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga ƙasar Sifen ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka ɗauka ciwonsu ya ƙi magani, jininsu daidai yake a wajen asibiti.

Bugu da ƙari, Salles da abokan aikinsa (2008) sun bibiyi majiyyata 556 a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil. Sun gano cewa awon sa'a 24 ne ya nuna waɗanda za su gamu da matsalar zuciya, ba awon asibiti ba, kuma awon dare ya fi na rana ƙarfin nuni. Dalili kuwa shi ne, jinin mai lafiya kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 lokacin barci. Wanda nasa bai sauka ba, zuciyarsa da jijiyoyinsa ba su samun hutu.

3.4.4 Alamomin Lahani a Gaɓoɓi

Zuciyar da ta daɗe tana tura jini da ƙarfi, bangonta na hagu kan yi kauri, kuma ana ganin haka ta hoton zuciya. Ita ma ƙoda idan ta fara taɓuwa, takan zubar da furotin cikin fitsari. Kowace daga cikin alamomin nan biyu tana ƙara haɗari, ko da awon jinin mutum biyu ya zo ɗaya. Ana kuma binciken ɗaukewar numfashi cikin barci da yawan sinadarin aldostaron, domin su biyun kan hana magani aiki.

3.4.5 Naɗewa

A taƙaice, kafin a yanke hukunci sai an tabbatar majiyyaci yana shan maganinsa yadda aka ƙa'ida, an yi masa awon sa'a 24, an kuma duba zuciya da ƙoda. Kuskure a nan yana da illa ta fuska biyu: ko dai a ɗora wa wanda ba ya buƙata ƙarin magani da kashe kuɗi, ko kuwa a sallami wanda ke bakin haɗari. Sashe na gaba zai dubi matakan da ake ɗauka bayan an gano mai haɗarin.